Awon Bakin Tsoho: Daga Magogin Goro Zuwa Haƙoran Roba

A Bangi ta da, can ƙasar Mariga, ba a sa zubewar haƙori cikin jerin cututtuka. Tare da furfura da ciwon gwiwa ake lissafa ta. Idan shekaru suka ja, haƙori ya fara girgiɗi, sai mai shi ya yi ta wasa da shi da harshe har ranar da zai fita da kansa. In ya ƙi fita kuma ya hana barci, a kira wanzami ya zo da ɗan awartakinsa, a kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, magana ta ƙare. Giɓi ɗaya ya zama biyu, turame su bi bayan na gaba, a wayi gari tsoho ya koma wawulo. Babu mai yi masa jaje, shi ma ba ya neman a yi masa.

Gida ne yake gyara zamansa saboda shi. A tuƙa masa tuwon dawa mai laushi, a yawaita masa miyar kuka, a dama masa fura ba gaya. Naman Sallah sai an daka a turmi ko an yi dambu kafin ya kai gabansa. Goro kuwa, da yake ba a rabuwa da shi, sai aka samo dabara: a sami marfin gwangwani a huhhuda da ƙusa, ya zama magogi. Da wuya ka laluba aljihun dattijo a wancan zamani ba ka taras da magogi ba. Jikoki su ma sun sami abin tsokana, su miƙa wa kaka aya ko guntun rake suna cewa, "Kaka, ga naki," ita kuma ta bi su da daƙuwa ana dariya.

Amma a bayan wannan dariya akwai asarar da ba a cika faɗa ba. Tsohon da ba ya tauna ba ya cin abin da jikinsa yake so, sai abin da zai wuce maƙogwaro. Kumatu su lotsa, leɓɓa su shige ciki, haɓa ta taso kamar za ta taɓa hanci. Malamin da ya shekara yana jan baƙi sai ya ji wasu haruffa sun daina fita yadda ya koyar da su, ya fara tura ƙarami gaba a sallah ba tare da ya gaya wa kowa dalili ba.

Ko da a ce mutum ya so gyara, ina zai dosa? Makarantar farko ta koyon ƙera haƙora a Najeriya a Legas aka buɗe ta a 1955, kafin a mayar da ita Inugu a 1982. Horar da likitocin haƙori a cikin gida sai a 1966 aka fara, shi ma a Jami'ar Legas. A lokacin da ƙasar Kontagora take ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma, daga 1967 zuwa 1976, babban birninmu Sakkwato ne. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 ya koma Minna. Ko wanne ka ɗauka, tafiya ce mai nisa ga mutumin Bangi ko Kotonkoro ko Gulbin Boka. A wancan lokaci, wanda ciwon muƙamuƙi ya yi wa tsanani akan tura shi Kaduna, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake da sashen aikin baki da fuska. Jami'o'in Arewa irin na Maiduguri da Bayero ba su fara koyar da likitancin haƙori ba sai bayan shekara ta 2000.

Saboda haka haƙorin ƙira na farko da yawancinmu muka fara gani ba daga asibiti ya fito ba. Daga Makka ya zo. A shekarun 1970, da kuɗin fetur ya shigo kuma jirgi ya sauƙaƙa aikin Hajji, alhazai suka riƙa dawowa da haƙorin Makka, na zinariya ko na azurfa, yana walƙiya duk lokacin da suka amsa barka da sauka. Kwanso ne kawai ake ɗora wa lafiyayyen haƙori, a zama ɗaya, tsakanin azahar da la'asar. Ado ne da shaida, ba a yi shi don tauna ba. Sai dai ya bar mana wata fahimta da har yau take wahalar da mu: cewa aikin haƙori abu ne da ake shiga a fito da shi nan take.

A kan wannan fahimta masu sa haƙori na yawo suka ci kasuwarsu. Sukan zo ranar kasuwa da akwati, da kwalba cike da haƙora farare tas, da wata hoda mai ruwan dasashi wadda in an kwaɓa ta da ruwan magani takan daskare cikin 'yan mintoci. Mai giɓi ɗaya ko biyu a liƙa masa a jikin na kusa, ya tafi yana murmushi, ko da yake bayan watanni dasashin yakan kumbura ya yi wari, don abin ba ya cirewa balle a wanke ƙarƙashinsa. Mai wawulo gaba ɗaya kuma a danna masa na sama da na ƙasa, a ce ya cije, a yayyanke abin da ya yi yawa, a ba shi madubi. Kowa ya san inda waɗannan haƙora suke ƙarewa. Alhaji ya sa su ranar Juma'a da ranar Sallah da ranar ɗaurin aure. Da zarar an ajiye akushi, sai ya juya baya ya zare su, ya naɗe a hankici, ya jefa a aljihu kusa da magogin da aka sayo su don su maye gurbinsa.

Mutane sukan ce bakin tsoho ne ya ƙi karɓa, ko kuma a ce haƙoran masu araha ne. Galibi ba haka ba ne. Abin da ya ɓace awo ne, kuma mafi girman awon shi ne na shimfiɗar cizo.

Wanda haƙoransa suke cike, idan ya rufe baki, na sama da na ƙasa suna haɗuwa ne a kan wata shimfiɗa guda, wadda ta taso daga bakin haƙoran gaba ta miƙe zuwa kan turame, dama da hagu. Ba a ganin ta, amma harshe da kumatu da gaɓar muƙamuƙi duk da ita suka saba aiki tun ƙuruciya. Mai giɓi ɗaya, sauran haƙoransa suna nuna wa maƙeri inda shimfiɗar take. Mai wawulo ba abin da ya rage da zai nuna. Tsakanin dasashin sama da na ƙasa fili ne kawai, kuma dole a gano a daidai ina za a raba wannan fili: nawa za a ba na sama, nawa za a ba na ƙasa, kuma da wane irin karkata. Magini ba ya ɗora bulo sai ya ja igiya, domin in layin farko ya karkace, ba irin bulon da zai miƙar da bango. Haka wannan aiki yake, sai dai a nan ana jan igiyar ne a fuskar ɗan Adam.

An daɗe ana ƙera haƙora kafin a gane haka. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayani a littafinsa at-Tasrif kan ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya, da sassaƙa wani daga ƙashin sa a cike giɓi. A Turai an yi zamanin sassaƙa su daga hauren giwa da haƙorin dorina, har da cire na gawarwakin sojoji bayan yaƙin Waterloo na 1815. George Washington, shugaban Amurka na farko, haƙoransa da sifirin aka haɗa na sama da na ƙasa, sai ya dage da ƙarfin muƙamuƙi kafin bakinsa ya zauna a rufe. Masu kuɗi ne da sarakuna, amma wahalarsu ɗaya da ta Alhajinmu. A shekarun 1850 aka fara yin gindin haƙora da taurarriyar roba, abin ya yi araha har talaka ya samu. A 1937 wani nau'in roba mai suna akirilik ya shigo, wanda har gobe da shi ake aiki.

Ilmin awon kuwa a hankali ya taru. Petrus Camper, masanin ƙirar jiki ɗan ƙasar Holan wanda ya rasu a 1789, ya zana wani layi daga ƙasan hanci zuwa ƙofar kunne yana nazarin siffar fuskoki. Bai yi don haƙori ba. Daga baya likitocin haƙori suka lura cewa a yawancin mutane shimfiɗar cizo tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan layi. William Bonwill na Amurka ya auna muƙamuƙai ya ce tsakanin gaɓoɓin biyu da tsakiyar haƙoran gaba na ƙasa akwai kusan inci 4 ta kowane ɓangare, ya ƙera muƙamuƙin ƙarfe da ake jera haƙora a kai. A 1890 Bajamushe Graf von Spee ya nuna cewa kan haƙoran ƙasa ba a miƙe sambal yake ba, yana da ɗan lanƙwasa da ke hawa ta baya. A 1899 George Snow ya fito da bakan ƙarfe da ake ɗaukar matsayin muƙamuƙin sama da shi a kai kan na'ura. Abin da mai akwati yake so ya gama kafin kasuwa ta watse, sai da aka shekara fiye da 100 ana harhaɗa iliminsa.

Ga yadda aikin yake in an bi ƙa'ida, kuma haka tsofaffin ma'aikatan asibitocin gwamnati suka koya suka yi. A zuwa na farko a ɗauki sawun dasashi, a zuba filasta a fitar da siffar bakin. A na biyu a sake ɗauka da faranti da aka ƙera musamman don wannan baki, domin a kama iyakokin da leɓe da kumatu da harshe suke motsi. Na uku shi ne ranar awo, kuma a ranar babu haƙori ko ɗaya a kan tebur. Abin da ake sa wa tsoho a baki gammo biyu ne na kaki, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Nan ne 'ya'yan da suka rako shi sukan fara gunaguni: "Likita, mun biya kuɗin mota tun daga Bangi, yau ma kaki za mu gani?"

Da gammon sama ake farawa. A ƙara masa kaki ko a rage ta gaba har leɓen sama ya tashi ya koma yadda yake a da, ba a turo shi ba, ba a bar shi ya faɗa ba. Sannan a dubi tsawonsa: idan baki yana sake, bakin kakin ya leƙo ƙarƙashin leɓe da kamar milimita 1 zuwa 2. Ga wanda ya tsufa sosai ko mai dogon leɓe akan bar shi daidai da leɓen, domin haƙoran yarinya a bakin tsohuwa su ne suke fara tona asirin aikin. Daga nan a ɗauko farantin Fox, wani ƙarfe ko roba shimfiɗaɗɗe da tsakiyarsa ke shiga baki ya kwanta a ƙarƙashin kakin, fukafukansa biyu suna waje a gefen kumatu. Ma'aikaci ya tsaya a gaba ya duba: shin farantin ya yi daidai da layin da ya haɗa ƙwayar idon dama da ta hagu? Ya koma gefe ya duba: shin ya bi layin Camper, daga gefen hanci zuwa ɗan guringuntsin da ke tsare ƙofar kunne? In bai yi ba, a fito da kakin a goga shi a kan ƙarfe mai zafi, a mayar, a sake dubawa. Inda babu farantin, rula biyu ko 'yan katakon danne harshe suna yin aikin. Kayan ba su da tsada. Ido da haƙuri ne masu tsada.

Gammon ƙasa kuma a sassaƙe shi har ya kwanta a jikin na sama ko'ina lokaci ɗaya. Shi ma yana da shaidunsa. Ta gaba kada ya wuce kusurwar baki. Ta baya ya tsaya wajen kashi biyu cikin uku na ɗan tudun naman da ke ƙarshen dasashin ƙasa. Gefen harshe kuma ya kasance daidai da samansa ko ya ɗan ɗara shi. Dalili a fili yake: harshe ne yake ɗora loma a kan turame, kumatu su tare ta daga waje. In haƙoran ƙasa suka fi harshe tsawo, tuwo ya riƙa zubewa cikin kumatu, harshe kuma a ƙoƙarin kai shi sama ya ɗaga haƙoran gaba ɗaya. In suka yi ƙasa da yawa, tsoho ya yi ta cizon harshensa. In shimfiɗar ta karkata dama ko hagu, gefe ɗaya ya riga ɗaya haɗuwa, kowane tauni ya ɓalle ɗaya gefen, murmushi ma ya fito a karkace.

Sai awon tsayi. A ɗiga alama a kan hanci, a ɗiga wata a haɓa. "Baba, lashi leɓenka, haɗiye yawu, ka saki jikinka." A auna tsakanin alamomin. Mutum in yana hutawa haƙoransa ba a haɗe suke ba, akwai ɗan sarari na milimita 2 zuwa 4 a tsakani, kuma dole a bar wa haƙoran roba wannan sarari. In aka cinye shi, haƙora su riƙa ƙwanƙwasar juna ana magana, leɓɓa su kasa haɗuwa, muƙamuƙi ya gaji, dasashi ya yi gyambo. In aka bar shi ya yi yawa, haɓa ta sake tasowa, gefen baki ya naɗe, yawu ya kwanta a ciki ya tsattsage, tauna ba ƙarfi. Bayan haka a nemi inda muƙamuƙin ƙasa yake komawa in ya natsu, domin wanda ya daɗe da wawulo ya saba turo haɓa gaba. "Inna, kai kan harshenki can ƙarshen ganɗa, ki rufe a hankali." A manne gammon biyu a haka, a zana tsakiyar fuska a jikin kakin, da inda fiƙoƙi za su tsaya, da iyakar da leɓe ke kaiwa in an yi dariya. Tsohon hoto, ko da na fasfon Hajji ne, yana taimakawa ƙwarai a wannan rana.

A zuwa na huɗu ne ake ganin haƙora, an jera 28 a kan kaki, har yanzu ana iya motsa kowanne. A nan ake gwajin magana, kuma a nan ma'aikacin da ya san mutanensa yake fin wanda ya haddace littafi. Littattafan Turawa sun ce a sa mutum ya furta harafin fa, a ga ko bakin haƙoran sama ya sauka a cikin leɓen ƙasa. To amma Bahaushe da leɓɓa biyu yake yin fa ɗinsa, haƙori ba ya shiga ciki, a bakin Basakkwace ma hwa take komawa. Ka sa Baba ya ce fura ko farfesu sau goma, ba abin da za ka gano. Amma ka roƙe shi ya yi maka karatu. A tajwidi mafitar fa'un ita ce cikin leɓen ƙasa da bakin haƙoran gaba na sama, akwai kuma haruffa uku da kan harshe yake taɓa bakin waɗannan haƙora kafin su fita. In tsawon ya yi daidai, shi da kansa zai ji karatunsa ya dawo. Don gwada sararin tsakani kuwa Hausa ta wadatar: ya ce sassafe, tsintsiya, tsamiya, shashasha. In haƙora sun bugi juna, tsayi ya yi yawa. In ana jin fito, akwai gyara. Sai kowa ya gamsu sannan a dafa akirilik, a miƙa a zuwa na biyar, a kuma dawo bayan 'yan kwanaki a kankare inda yake gurzar dasashi.

Ko an yi duk wannan, haƙorin roba ba ya zama na Allah. Ƙarfin taunarsa bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na haƙorin asali ba. Na sama yakan kama da kyau, don yana da faɗin ganɗa da yawu da ke manne shi. Na ƙasa siririn gammo ne a kan dasashin da ke zaizayewa, ga harshe yana ture shi. Binciken da Antje Tallgren ta wallafa a 1972, bayan bin masu haƙoran roba har shekara 25, ya nuna cewa ƙashin dasashin ƙasa yana raguwa kusan ninki huɗu na na sama, kuma raguwar ta fi sauri a shekarar farko bayan cire haƙora. Shi ya sa ake son dasashi ya warke sosai kafin a ɗauki awo, shi ya sa kuma haƙoran da suka zauna daram bana za su nemi ciko ko sauyi bayan wasu shekaru. A cire su da dare a sa a ruwa, kada a zuba musu tafasasshe, kada kuma a ari na wani ko a gaji na mamaci.

Yau abubuwa sun canza. Tun 1987 akwai hukumar da doka ta ɗora wa rajistar masu ƙera haƙora a Najeriya. Ana samun likitan haƙori a Kontagora da Minna da Bida, ga manyan asibitocin koyarwa a Zariya da Sakkwato da Kano. A manyan birane ana dasa ƙusoshin titaniyom a ƙashi, dabarar da wani masani mai suna Brånemark ya fara gwadawa a jikin mutum a Suwidin a 1965, har masana suka yi ittifaƙi a Jami'ar McGill ta Kanada a 2002 cewa ƙusa biyu a muƙamuƙin ƙasa su ne mafi dacewa ga mai wawulo. Kwamfuta ma tana zana haƙora ta sassaƙa. Duk da haka ba wadda ta ɗauke wa kowa ranar awo. Na'ura abin da aka ba ta take sassaƙawa, in an ba ta karkatacce ta fito da karkatacce mai sheƙi.

Abin da bai canza ba ga mutumin Bangi shi ne hanya. Zuwa biyar ko shida da tsoho a mota ba wasa ba ne, balle a shekarun nan da 'yan bindiga suka sa kowace fita daga ƙasar Mariga sai da addu'a. Wannan ne yake sa 'ya'ya su matsa a haɗe musu zuwa uku a ɗaya, wani ma'aikacin kuma ya biye musu don kada ciniki ya kuɓuce. Sauri ya haifi nawa: a biya kuɗi mai yawa, a koma gidan jiya. Ya kamata gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar Mariga su ajiye ma'aikacin haƙori da ɗan ɗakin ƙira a Bangi, ko da a wasu ranaku na wata ne, domin kaki da filasta da farantin awo ba su kai kuɗin taya ɗaya ta motar ofis ba.

Kafin a kai ga haka, kai da Allah ya hore wa abin da za ka yi wa mahaifinka ko mahaifiyarka haƙora, ka sa kuɗin mota na kowane zuwa cikin lissafi tun farko, ko ka nema musu masauki a gari har a gama. Ka tambayi mai aikin ko yana da rajista, ka tambaye shi wace rana ce ta awon kaki, wace ce ta gwaji. Duk wanda ya ce maka ka kawo tsoho da safe ka tafi da cikakken baki da yamma, ka riƙe kuɗinka ka nemi wani.